Ga masu cewa "bana sai Yankari" kowace shekara

Assalamu alaikum, Malam Edita. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu yi magana da mutane iri biyu. Na farko su ne waɗanda kowace shekara sukan ce bana kam sai sun kai iyali Yankari, shekara ta zagayo ba su je ba. Na biyu kuwa sun je, sun ƙona mai, sun biya kuɗin ƙofa, suka dawo suna cewa ai babu komai a dajin nan sai birai da ciyawa, giwayen ma a baki ne kawai. Dukansu lissafin lokaci ne ya kuɓuce musu: watan da za a je, kwana nawa za a yi, da sa'ar da za a fita daga ɗaki.

Gandun Yankari yana ƙaramar hukumar Alƙaleri ta jihar Bauchi, girmansa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi ranar 1 ga Disamba 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun jihar a 2006. A duk faɗin dajin nan, ruwan da ke jure wa rani shi ne kogin Gaji da maɓuɓɓugan da ke zuba cikinsa. Wanda ya riƙe wannan ya gama rabin shiri. Giwa babba takan sha lita 100 ko fiye a yini, ɓauna kuwa ba ta son yin nisa da mashaya. Idan ruwa ya cika daji, dabbobi sai su bazu, kowa ya kama gabansa. Idan ya ƙafe ya rage sai Gaji, dole su zo bakin kogi, kuma hanyoyin da motocin baƙi ke bi suna gefen kogin nan ne.

Damina a wannan yanki takan kama daga Mayu zuwa Satumba, ruwan da ke sauka a shekara milimita 900 zuwa 1,000. A lokacin kowane kwari ya zama tafki, gamba ta fi mutum tsawo, ɓauna na iya tsayawa taku ashirin daga mota ba wanda ya gan ta. Hanyoyin ciki su yi taɓo, wasu ma ba sa biyuwa. Da kaka ciyawa ta bushe amma tana nan tsaye, ga sauran ruwa a kududdufai, giwaye kuma hankalinsu ya koma gonakin ƙauyukan gefe, abin da manoman wurin suka fi kowa sani. Disamba da Janairu sun fi dama, sanyin dare kan sauka har digiri 12, tafiya ba wahala, sai dai hazo yakan rufe nesa ya kuma ɓata hoto, ga cunkoson hutun ƙarshen shekara. Lokacin da ya fi kowanne shi ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa ƙarshen Afrilu. Ganye ya kaɗe, ciyawa ta kwanta ko wuta ta cinye ta, ruwa ya rage wuri ɗaya. Kuɗin da za ka biya shi ne zafi, domin rana kan wuce digiri 40. Kada kuma a ja abin har Mayu: ruwan farko mai ƙarfi guda ɗaya ya isa ya tara ruwa a kwaruruka, cikin 'yan kwanaki garken da ke bakin kogi ya watse.

Ga wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba, Malam Edita. Yawancinmu hutun Sallah ne kaɗai damar da muke da ita ta fita da iyali. Shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kwana goma zuwa sha ɗaya, don haka Sallah tana zagaya yanayi. A 2012 Ƙaramar Sallah ta faɗo a watan Agusta, a 2016 a farkon Yuli, Babbar Sallah ta 2016 ɗin kuma a Satumba. Ke nan duk wanda ya kai yara yawon Sallah Yankari a waɗancan shekaru, tsakiyar damina ya je, kuma daga bakinsu ne labarin "babu komai" ya yaɗu. Yanzu abin ya juya. Ƙaramar Sallah ta 2025 ta zo a ƙarshen Maris, ta 2026 wajen 20 ga Maris, ta 2027 wajen 10 ga Maris, ta 2028 a ƙarshen Fabrairu, gwargwadon ganin wata. Kafin ta fice daga lokacin, Babbar Sallah ta shigo: ta 2029 za ta zo wajen ƙarshen Afrilu, ta 2030 wajen tsakiyarsa. Wannan daidaituwa ba ta dawowa sai bayan shekara 33. Shawararmu dai kada a je ranar Sallah ko washegari, lokacin da motocin ɗalibai da na matasa suke cika sansani da kiɗa. A bari sai kwana huɗu ko biyar bayan Sallah, tsakiyar mako, in da hali.

Hanya ba ta da wuyar ganewa. Daga Bauchi a kama titin Gwambe zuwa Dindima, inda gadar kogin Gongola take, a karya dama a yi kudu. Daga Dindima zuwa ƙofar gandun a ƙauyen Mainamaji kimanin kilomita 29 ne, daga ƙofa zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake, kuma sama da 40. Gaba ɗaya daga Bauchi kilomita 110 ne ko ɗoriya kaɗan, tafiyar awa biyu ga mai tuƙi da hankali. Wanda ya taso daga Gwambe zai ratsa Alƙaleri ya karya hagu a Dindima. Mutanen Kano su bi Wudil, Birnin Kudu da Ningi, kimanin kilomita 300 kafin Bauchi. A nan kuskuren farko yake faruwa. Mutum ya taso daga Kano bayan hantsi, ya tsaya cin abinci a Bauchi, ya iso Mainamaji da magariba, ya manta cewa akwai sauran tafiyar kusan awa ɗaya a cikin daji tsantsa. Ko dai a yi asubanci, ko a kwana Bauchi. A isa ƙofa kafin la'asar. A cikin gandun kuma kada a wuce gudun kilomita 40 ko 50, domin gadu da mazo da birai suna tsallaka titi ba sallama.

A cika tanki a Bauchi. Zuwa da dawowa kilomita 220 ne, a ƙara 50 zuwa 60 na zagaye in da motar mutum za a shiga daji. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta buƙaci kusan lita 30, da sanyi a kunne kuwa ta fi haka. Kafin a tashi bakanike ya duba lagireto da fanbel, domin zafin Afrilu da tafiyar sannu a giya ta ɗaya su ne ke sa mota tafasa. Safaya taya mai iska, jak, da jarkar ruwan mota daban da na sha. A riƙe tsabar kuɗi, sabis ɗin waya a daji ba abin dogaro ba ne, kuma mai jiran tiransifa ta shiga a bakin ƙofa yana iya cinye rabin yininsa. Kuɗin shiga daban, na mota daban, na ɗaki, na zagaye, wani lokaci har da na kyamara, don haka a kira a ji farashin da ake ciki a kuma kama ɗaki tun kafin a taso. Ruwan sha a lissafa lita huɗu zuwa biyar ga kowane babba a yini. Idan wani ya fara jiri da ciwon kai, fitsarinsa ya yi ja ya ragu, a kai shi inuwa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A zo da gidan sauro ko maganin shafawa, da tocila, da abin cajin waya.

Kwana biyu ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a yi. Dalili kuwa lissafi ne. Ana fita zagaye sau biyu a yini, da sassafe da kuma bayan la'asar, kowanne kamar awa biyu. Mai zuwa ya koma a yini ɗaya yakan iso da rana tsaka, lokacin da kowace dabba mai hankali ta shige kurmi ta kwanta. In ya yi sa'a ya samu fita ɗaya, a gaggauce, yana duba agogo. Mai kwana biyu yana da fita huɗu: yammacin ranar isowa, safe da yamma na rana ta biyu, da safiyar ranar komawa. Giwayen Yankari ba su da yawa kamar da. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta samu 348, yanzu kuwa ana ƙiyasta 100 zuwa 150, duk da haka suna cikin garkuna mafiya girma da suka rage a Nijeriya. Giwa ɗari da 'yan kai a daji mai faɗin nan, fita ɗaya caca ce.

Da isarka, kafin ma ka sauke kaya, ka tambayi masu gadin daji inda aka ga garke jiya da shekaranjiya. Su ne ke kwana a dajin, kuma da taimakon ƙungiyar kare namun daji ta WCS an sanya wa wasu giwayen ƙawanya a wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, saboda tsaronsu daga mafarauta da kuma gargaɗin manoma. Ba a shiga daji sai da ɗan rakiya daga ma'aikatan gandun. Za ka iya shiga motar zagaye ta sansani, wadda ta fi tsawo ana hango nesa, ko ka ɗauki ɗan rakiya a taka in tana da tudu. Ƙaramar mota mai ƙasa-ƙasa za ta kafe a yashi ko dutse ya fasa mata tankin baƙin mai. Ka faɗa wa ɗan rakiyar abin da kake son gani tun farko, ka kuma yarda a kashe mota a tsaya minti ashirin ko talatin a mashaya. Mutanenmu ba su son wannan. Sai a riƙa ce wa direba mu je gaba, mu je gaba, alhali wanda ya zauna shiru shi dabba ke fito wa. Ana karanta alamu a hanya: kashin giwa mai danshi wanda bai yi ɓawo ba, reshen da aka karya farin cikinsa bai bushe ba, sawu mai faɗin faifai wanda ya taka bisa sawun tayar safe. In an ga waɗannan, garke bai yi nisa ba.

Farar shadda mai sitaci a bar ta ga hoton Sallah. Dabba na hango fari daga nesa, baƙi da shuɗi mai duhu kuma su ne launin da ƙudan tsando ke bi, yana da yawa a kurmin bakin kogi, cizonsa na ratsa yadi mara kauri, kuma yana bin mota mai tafiya. A sa kaya masu ruwan ƙasa, dogon hannu, da takalmi rufaffe. Turare ma a haƙura da shi na awa biyu, ko da yake mun san wannan ya fi wa wasu wuya. Giwa ba ta da ƙarfin gani sosai, hancinta da kunnenta ne makamanta. A kashe ƙarar waya. Idan aka ci karo da garke, kada kowa ya sauka, kada mota ta shiga tsakanin uwa da ɗanta, kada a tare musu hanyar ruwa. Giwar da ta baza kunnuwa, tana kaɗa kai, tana watsa ƙasa da ƙafa, gargaɗi take yi, sai a ja da baya sannu ba tare da hon ba. Toron giwa da aka ga ruwa na zuba daga gefen kansa tsakanin ido da kunne, yana ɗigar fitsari, yana cikin lokacin fushinsa ne, a ba shi fili mai yawa.

Abin da za a gani kusan ba fashi a bazara: gwambaza, mazo, gadu, gwaggon biri, jan biri, kada a bakin ruwa. Da ɗan haƙuri, ɓauna da carki a bayanta, gwanki, kanki, da dorina a gurbi mai zurfi. Tsuntsaye sun haura iri 350, daga burtu da cilakowa har zalɓe da borin tunke, don haka madubin hangen nesa ko guda ɗaya a mota yana canja tafiyar. Zaki akwai shi, Yankari da Kainji ne wurare biyu da aka san ya rage a ƙasar nan, amma kaɗan ne kuma da dare yake yawo, wanda ya ji gurnaninsa daga ɗaki ma ya gode Allah. Kada a yi wa yara alkawarin raƙumin dawa ko jakin dawa. Waɗannan suna gandun Sumu ne a ƙaramar hukumar Ganjuwa, ta hanyar Ningi, inda aka ajiye dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006. Mutanen Kano na iya ratsewa can a hanyar komawa.

Tsakiyar yini ta maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki ce, kuma ko da ba a ga giwa ko ɗaya ba wannan ruwa ya biya kuɗin mai. Yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani bangon dutsen yashi a gindin sansanin, a sauka ta matakala masu tsayi. Zafinsa digiri 31.1 ne dare da rana, rani da damina, saboda daga can ƙarƙashin ƙasa yake tasowa inda yanayin sama ba ya taɓa shi. Shi ya sa da asubar hunturu za ka ga tururi na tashi a kansa ka ji shi da ɗumi, a Afrilu kuwa da iska ta haura 40 ka ji shi da sanyi-sanyi. Yana fitar da lita miliyan 21 a yini, wato jarka mai lita 25 har 840,000, ko fiye da durom ɗaya a kowace daƙiƙa, duka su gangara Gaji. Wurin wankan ya kai tsawon mita 200, faɗinsa mita goma zuwa sha uku, ƙasansa farin yashi.

Haɗarin yana cikin kyansa. Ruwan garau yake, kuma ruwa mai haske yakan nuna zurfinsa kashi uku cikin huɗu ne kawai na gaskiya. Kusa da bakin dutsen zurfin ya kai mita 1.9, amma mai tsaye a gefe zai ga kamar bai kai ɗaya da rabi ba, ya ce ai iya ƙirjina ne, ya faɗa ya ji ba ƙasa. Wanda bai iya iyo ba ya shiga ta ƙasa inda ruwan bai da zurfi, ya tako sama sannu. Kowane yaro a ba shi babba ɗaya da ya san shi ne a kansa, domin a taron iyali kowa yakan ɗauka wani na kallo. Kada a yi tsalle daga dutse ko reshe. Kada a shiga da sabulu ko omo, ruwan nan shi dabbobi ke sha a ƙasa. Kada kuma a bi shi a wuce iyakar wurin wanka, gaba gidan kada da dorina ne. Mata da ke son sakewa su zo bayan sallar asuba ko lokacin da maza suka fita zagaye, da doguwar riga mara nauyi, domin zane da hijabi mai kauri in sun sha ruwa suna jan mutum ƙasa.

Gwaggon biri na sansanin Wikki ya cancanci sakin layi nasa. Ya san leda, ya san kular abinci, ya iya murɗa hannun ƙofa, kuma ya gane cewa mata da yara sun fi saurin sakin abin da ke hannunsu. A kulle ɗaki da makulli ko ana ciki, a rufe taga, a ɗaga gilashin mota. Kada a riƙe abinci a fili, kada yaro ya yi yawo da biskit. In ya fizge abu a bar masa, haƙoran babban namiji sun kai na kare tsawo har sun fi, cizonsa kuma maganar asibiti ce da allurai. Masu jefa musu ayaba don hoto su ne suka koya musu wannan sana'a. A bakin ruwa a bar mutum ɗaya gadin kaya, in ba haka ba makullin mota na iya ƙarewa a kan bishiya.

Wanda ke da sauran ƙarfi ya nemi a kai shi kogunan Marshall, ɗakuna 59 waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, an ba su sunan mai binciken da ya bayyana su a 1980. A shiga da tocila, akwai jemagu. Akwai rijiyoyin Dukkey sama da 130 masu haɗe da juna ta ƙasa, da matoyar tama ta Shau Shau inda kimanin murhu 60 na narka ƙarfe suke tsaye har yau. Waɗannan suna cin lokaci, a ware musu fita guda, kada a haɗa su da neman giwa a rasa duka biyun. Ɗakin tarihi na sansani, mai fatu da haure da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta, rabin awa ya ishe shi.

Maganar tsaro ba ta ɓoyuwa. An sha samun rahoton 'yan bindiga a wasu dazuzzukan Alƙaleri a 'yan shekarun nan. A tambayi hukumar gandun da mutanen Bauchi halin da ake ciki a makon da za a tafi, ba labarin bara ba, a yi tafiya da rana, a kuma bar wa wani a gida bayanin ranar komawa.

Muna da roƙo biyu ta hannunka, Malam Edita. Shugabannin makarantu da ke kai ɗalibai yawon buɗe ido su daina tasowa ƙarfe tara su iso azahar su juya la'asar, su kuma daina sanya tafiyar a Yuli don ƙarshen zango ne. A mayar da ita zango na biyu, a kwana ɗaya ko a yi asubanci, a raba yara ƙungiya-ƙungiya, motar da ta ɗauki sittin suna waƙa ba abin da zai tsaya mata sai gwaggon biri. Hukumar gandun kuma ta riƙa wallafa farashi da lokutan fita zagaye a inda kowa zai gani, da lambar da in an kira za a ɗauka, ta kuma kafa allo a sansani da ake rubuta abin da aka gani kowace safiya da inda aka gan shi. Alli da ɗan katako ne kawai kuɗinsa.

Wassalam.

Daga wasu masu sha'awar gandun daji, Bauchi.